Dutsen da Masa Issifu Ya Zare

Shisshigi mugun hali ne, kuma wanda ya fi muni shi ne na mutumin da ya iya aiki. Wanda bai iya komai ba, in ya kai hannu kan abin mutane, tun daga nesa ake daka masa tsawa. Gwani kuwa kunyarsa ake ji, ana kallo yana taɓa abin da ba a ce ya taɓa ba, har ranar da zai taɓa wanda ya fi ƙarfinsa. Na rubuta wannan ne saboda yaranmu masu koyon sana'a a unguwannin Nima da Maamobi na nan Ankara, su san abin da ya sami Issifu magini. Yana nan da ransa. Daga bakinsa na ji rabin labarin, sauran kuma daga bakin 'yarsa.

Issifu maƙwabcina ne a gangaren Maamobi, kusa da babbar kwata. Tun yana saurayi ya zo Ankara daga arewa, ya fara da ɗaukar kwanon siminti a ka, har ya zama mai yaye yara. Shi ya sa ake ce masa Masa, kamar yadda ake kiran duk mai gidan sana'a a nan. Gini kam ya iya, ba mai musu. In ya ɗora bango, ko damina ta cika kwata ta yi ambaliya, za ka tarar da nasa a tsaye.

Amma ga yadda yake neman aiki. Zai zo gidanka gaisuwa, bakinsa yana tambayar iyali, idonsa yana kan bango. Sai ya ƙwanƙwasa da bayan yatsa, ya kara kunne. In ya ga bulo mai 'yar tsaga, sai ya sa yatsu ya girgiza, ya sake girgizawa, har ya zaro shi ya ajiye a gabanka. Daga nan dole ka ba shi aikin, don ba wanda zai kwana da rami a katangarsa a wannan unguwar.

Ni ma ya yi mini, ranar sunan jikata, gida cike da mutane.

Ya ce, "Malam Ƙasimu, wa ya yi maka wannan katangar?"

Na ce, "Wanda ya yi ta ya rasu, Masa. Ka bar shi ya huta."

"Allah ya ji ƙansa, amma ya ci maka siminti."

Kafin in sake buɗe baki, bulo yana hannunsa, wata akuya tana leƙo mu ta ramin.

Na ce, "Katangar nan ta girmi 'yarka Fauzia, ba ta taɓa faɗo wa kowa ba."

"Yana motsi. Ai kai ma ka gani."

"Kai ka motsa shi."

Ya yi dariya, mutane suka taya shi. Ni ban yi ba.

Fauzia ɗin nan ita ce babbar 'yarsa. Aikin jinya take yi a Amurka, a wata jiha da ake kira Kolorado, mijinta Rauf kuma direban babbar mota ne. Su suka nema masa biza ya je ya ga inda suke zaune. Ranar tafiya muna tsaye a bakin titi ana saka jaka a tasi, matarsa Zelia ta ce masa a gaban kowa, "Baban Fauzia, in ka je gidan surukinka ka zuba hannuwanka a aljihu. Gidan haya ne, kuma can ba Maamobi ba ce."

Ya ce, "An ce gidajensu duk katako ne. Me zan taɓa?"

Da ya gaji da zaman ɗaki da kallon talabijin, sai Rauf ya ce za su kai shi ya ga irin ginin da bai taɓa gani ba. Suka yi doguwar tafiya a mota, suka hau wani tudu mai faɗi, itatuwansa gajeru. A gefen tudun akwai kwazazzabo mai zurfin gaske. A jikin dutsen kwazazzabon, tsakanin sama da ƙasa, akwai wani wawakeken kogo, kuma cikin kogon gari ne guda: ɗakuna a kan ɗakuna, na dutse da laka, da ƙananan ƙofofi. Kakannin wasu mutane da ake kira Pueblo ne suka gina, 'yan asalin ƙasar tun kafin Turawa su san da ita. Ɗaruruwan shekaru ginin yana tsaye, ba siminti, ba rodi.

Ba a shiga sai da jagora, kuma sai an hau dogon tsani na katako. Rauf ya leƙa ya ga tsanin, ya ce, "Baba, ni direba ne, ƙafata ta saba da ƙasa. Ina jiran ku a mota."

Issifu ya ce, "Ƙato da kai. Da yarona ne kai, da yau ka kwana a kan rufi."

Suka tafi shi da Fauzia cikin ayarin baƙi. Jagorar tasu mace ce mai ɗan shekaru, da malafar ma'aikata a kanta, kuma ita kanta jinin masu ginin ce. Da suka gama hawa, ta tsaya tana fuskantar ɗakunan, ta yi magana a hankali da yarensu, sannan ta juyo ta yi Turanci. Issifu yana jin Turancin Ankara, amma nata ya fi ƙarfin kunnensa, sai Fauzia ce ke mayar masa.

Ya ce, "Me ta ce wa bangon?"

"Sallama ta yi, Baba. Ta ce su ba sa kiran nan kango. Masu gida suna nan, mu baƙi ne. Ta ce kada a taɓa, kada a jingina, kada a zauna a kan komai."

"Har da ni?"

"Musamman kai."

"Ki gaya mata ni magini ne."

"Ba zan gaya mata ba."

Da farko ya riƙe maganar Zelia, hannuwa a aljihu. Ya gaya mini bai taɓa ganin kusurwa a miƙe haka ba, kamar an ja ta da igiya. Tsakanin manyan duwatsun an cuccusa ƙanana cikin laka, layi-layi, aikin mai haƙuri. Rufin kogon baƙi ƙirin da hayaƙin girkin mutanen wancan zamanin. Yana kallo, yatsunsa suna motsi a cikin aljihu.

Hanyar fita wani matsattsen rami ne a jikin dutse, sai an yi rarrafe, mutum ɗaya bayan ɗaya, sannan a sami wani tsanin a can gaba. Jagorar ta fara shiga don ta tarbi mutane a ɗaya gefen, inda wurin yake da santsi. Fauzia ta ce, "Baba, shiga."

Ya ce, "Wuce, ina bayanki. Igiyar takalmina ce ta kwance."

Ba abin da ya sami takalminsa. Wata 'yar ƙofa ce ya gani a ɗakin ƙarshe, gajera, sai an durƙusa ake leƙa ta. Lintar ƙofar, wato abin da aka gitta a samanta, falalen dutse ne guda, kuma a ƙarƙashin bakinta na dama akwai wani dutse kamar sandar sabulun wanki, wanda a idonsa ya ɗan karkace. Ya ce mini ba nufinsa ya cire ba, dubawa kawai zai yi. Haka yake faɗa a kowane gida.

Da ƙafar Fauzia ta ɓace cikin ramin, ya tsallake wata igiya da aka gitta don kada baƙi su matsa kusa da ginin, ya durƙusa a bakin ƙofar, ya sa yatsu ya girgiza. Dutsen bai yi masa gardama ba. Ya fito a hannunsa kamar dama jira yake.

Sai ya ji wani ɗan sauti a saman kansa, ƙis. Kowane magini ya san wannan sautin. Lintar ta sunkuyo. Ya saki dutsen, ya cusa hannun dama cikin gurbin don ya tare ta, ita kuwa ta zauna a kan yatsunsa uku.

Zafin bai zo nan take ba. Abin da ya fara zuwa shi ne lissafi irin na sana'a, kuma lissafin ne ya firgita shi. A saman lintar bango ne da ya fi tsayin mutum. Duk nauyinsa yanzu a kan yatsun nan yake. In ya zare hannu, lintar za ta kife, bangon kuma ba ciki zai faɗa ba, waje zai zubo, a kan wanda ke durƙushe a gabansa. A bayansa taku kaɗan ne, sai kwazazzabo. Ya kai hannun hagu ya tallafi lintar, ya kara kafaɗa, ya tsaya cak.

Yashi ya fara zubowa, siriri, a kan wuyan rigarsa.

Yana jin muryoyin mutane ta cikin ramin, suna dariya. Da ya yi kira a lokacin, da an ji shi. Bai yi ba. Kunya ta hana shi, ya ce bari ya mayar da dutsen tukuna, kowa bai sani ba. Dutsen yana nan kusa da gwiwarsa. Ya miƙa ƙafa a hankali don ya jawo shi, sai bakin takalmi ya ture shi. Dutsen ya gangara, ya wuce igiyar, ya faɗa kwazazzabon. Issifu ya kasa kunne ya ji saukarsa. Ya daɗe yana jira kafin ya ji, can ƙasa, ɗan ƙaramin sauti kamar an yar da ƙwallon dabino.

Muryoyin sun yi nisa.

Nan ne ya yi kira. Ya kira Fauzia, amma bai iya cika ƙirji da iska ba, don duk numfashin da ya ja sai kafaɗarsa ta motsa, yashin ya ƙaru. Muryar ta fita 'yar ƙarama. Ya sake kira da Hausa, ya yi da Turanci, ya yi da yaren ƙauyensu wanda ya daɗe bai yi ba. Ɗaya gefen kwazazzabon ya dawo masa da muryarsa, kamar wani tsoho yana kwaikwayonsa.

Fuskarsa tana daidai bakin ƙofar, ba yadda zai yi ya kau da ita. Cikin ɗakin duhu ne, ga sanyi yana fitowa, ga warin tsohon hayaƙi. Da idonsa ya saba da duhun, sai ya ga lakar da ke gefen ƙofar, dab da hancinsa. Akwai sawun yatsu a jiki. Ƙanana ne, ba su kai nasa ba, irin na mace, inda ta danna lakar tana ɗanya. Har zanen fatar yatsan ana gani. Ya ga inda ta danna da babban yatsa, ya ga inda ta shafe da gefen hannu, daidai yadda shi ma yake yi.

Ya ce mini a nan ne gashin jikinsa ya tashi. Ya tuna maganar jagorar, cewa masu gida suna nan. Mutumin da a Maamobi ko ɗakin yaronsa ba ya shiga sai ya yi sallama, yau ga shi da kai a cikin ɗakin mutane, hannunsa a cikin bangonsu. Ya buɗe baki ya yi sallama a cikin duhun. Ba a amsa ba. Ya ce da an amsa da ya mutu, amma rashin amsawar ma bai bar shi da daɗi ba, don ji yake ana kallonsa.

Yanzu zafin ya iso. Ya taso daga yatsu ya hau gwiwar hannu, ya kai haƙora. Cinyarsa ta dama ta ɗaure saboda durƙuso, ba halin miƙe ta. Hannun hagu ya fara rawa, kuma duk rawar da ya yi sai ya ji lintar ta amsa. Ya shiga karanta duk abin da ya zo bakinsa, yana farawa yana mantawa a tsakiya.

Sai hadari ya taso. Ya ji iska ta canza, hasken bayansa ya dushe, aka yi tsawa a can nesa. Ƙarar ta bi ta cikin dutsen ta shigo ƙashinsa. Wani ƙaramin dutse ya ɓalle daga sama ya bugi kunnensa. Ya rufe ido, ya yi kalmar shahada, yana jiran sauran.

A can gindin tsani na biyu, jagorar tana duba mutanenta ta ga babu tsoho mai hula. Ta dubi Fauzia. Fauzia ta gaya mana cewa a take ta san abin da ya faru, ba ta ma yi tunanin ko faɗuwa ya yi ba. Suka koma ta ramin da rarrafe.

Da Fauzia ta fito ta gan shi, ta yi kansa da gudu za ta ja shi.

Ya ce, "Kada ki taɓa ni." A hankali ya faɗa, ba tare da ya juyo ba. "Koma baya, Fauzia. Koma can bakin ramin."

"Baba, hannunka."

"Na sani. In kika ja ni, mu biyu zai binne. Koma."

Jagorar ta riƙe ta, ta mayar da ita baya. Ta dubi gurbin da hannunsa yake, ta dubi bangon har sama. Ta ciro na'urar magana daga ƙugunta ta kira.

Masu kula da ginin ba kusa suke ba, kuma komai sai an hau da shi ta tsani. Ruwa ya sauko, yana zuba a bakin kogon kamar labule. Fauzia tana tsugune daga nesa tana yi masa magana don kada ya suma, tana tambayarsa sunayen yaran da ya yaye, yana faɗa yana ɓatawa. Ta tambaye shi ko yana jin yatsunsa. Ya ce ɗazu yana ji, yanzu sun yi shiru. Ita ma'aikaciyar jinya ce, ta san ma'anar wannan, amma ba ta gaya masa ba.

Da mutanen suka iso da katakai da buhunan yashi, suka fara tokare bangon a hankali, suna magana ƙasa-ƙasa. Ko a wannan halin, da ya ga inda ɗayansu zai kafa katako, sai ya ce, "Fauzia, gaya masa ya matsar da shi hagu kaɗan."

Ta ce, "Baba, ka yi shiru."

"Ba a nan nauyin yake ba."

"Na ce ka yi shiru. Ba wanda ya tambaye ka."

Tun da aka haife ta ba ta taɓa yi masa magana haka ba. Ya bar su suka yi aikinsu.

Suka ɗaga lintar da abin da bai fi kaurin takarda ba, mutum biyu suka fizge shi baya. Bangon ya tsaya a kan katakan. Amma gefen ƙofar, inda lakar nan take, ya ɓalle ya zube a gabansu, ya zama gari.

Yana kwance ana naɗe masa hannu, jagorar ta durƙusa a wurin da lakar ta zube. Ta tsinci wani ɗan guntu, ta juya shi a tafinta, rabin sawun yatsa ne ya rage a jiki. Ta daɗe tana magana da yarensu, ba da kowa a cikinsu ba. Sannan ta juyo ta yi wa Fauzia magana ɗaya.

Ya ce, "Me ta ce?"

"Ta ce me ya sa."

Ya nemi amsa, bai sami wadda ta wuce wadda ya saba ba. Ya ce, "Gani na yi yana motsi."

Fauzia ba ta mayar mata ba.

Daga asibiti sai gaban hukuma. Tsufansa da raunin da ya ji suka sa ba a ɗaure shi ba, amma an rubuta sunansa cikin masu laifi. Da hannun ya ɗan warke, Rauf ya kai shi filin jirgi, bai yi masa wasa ko ɗaya a hanya ba.

Ya dawo Maamobi ba kiɗa ba taro. Mun je gaisuwa, muka tarar ya sa an jawo gadonsa tsakiyar ɗaki, nesa da kowane bango. Kun san lungunanmu, inda in mutum biyu suka haɗu sai ɗaya ya juya kafaɗa. Issifu ba ya bin su yanzu. Masallacin da yake zuwa ta lungun bayan gidana, sai ya zagaya ta babban titi, cikin trotro, motocin hayarmu, da masu babur. Ran nan muna zaune a ƙofar gidana, iska ta kaɗo ɗan yashi daga kan katanga ya zubo a kan tabarma. Na ga mutumin nan ya miƙe tsaye, yana riƙe da hannun dama da na hagu. Katangar nan kuwa shi da kansa ya sake gina mini ita.

To ga abin da ya rasa, ku riƙe. Ya rasa yatsu uku na hannun dama: manuniya, da na tsakiya, da na kusa da shi. Da su ya rasa riƙon cokalin gini, don haka sana'ar da ya yi tun yana saurayi ta ƙare, yaransa sun koma wurin wani Masa a unguwar Kotobabi. Tuwo da cokali yake ci kamar mara lafiya. In ya zauna tahiya, babu yatsan da zai ɗaga. Biza ba a sake ba shi ba. Fauzia ta haihu bara, namiji, Zelia ce ta je ta yi mata wanka, shi kuwa a waya ya ga jikansa. Ƙofar can kuma, an ce har yau katako ne ke riƙe da ita, kuma an rufe wannan gefen, ba a kai baƙi.